Tauye Mudu A Filin Wasa: Zari-Ruga A Filayen Ƙwallon Amurka

A cikin watan Mayu na shekarar 2022 ne Hukumar Zari-ruga ta Duniya ta ɗora wa ƙasar Amurka nauyin shirya gasar cin kofin duniya ta maza a 2031, da kuma ta mata a 2033. Wanda ya ji wannan labari zai ɗauka samun wurin wasa shi ne abu mafi sauƙi a cikin shirin, tun da yake babu ƙasar da ta kai Amurka yawan manya-manyan filayen wasanni. To amma fa a nan ne gizo yake saƙar. Galibin filayen nan an gina su ne domin wani wasa dabam, watau ƙwallon Amurka, wanda ake yi da hular kwano da sulke, kuma faɗin filinsa ya gaza na zari-ruga da kimanin mita 20. Saboda haka tambayar da ta daɗe tana damun makarantu da ƙananan ƙungiyoyin wasa na ƙasar yanzu ta iso gaban manya: shin mita nawa ne mafi ƙarancin faɗin da za a yarda da shi, kafin a ce abin da ake bugawa ya tashi daga zari-ruga ya koma wani abu?

Amsar da na ga ta dace hawa uku ce. A wasan ƙasa da ƙasa kada a sauko daga mita 68 ko da taƙi ɗaya. A gasar cikin gida ta manya, inda kowane ɓangare yake da mutum 15, kada a sauko daga mita 60. In kuwa filin bai kai haka ba, to a rage yawan 'yan wasan. Bayan wannan duka, sararin da ake bari a bayan layi domin tsaron lafiyar ɗan wasa ba abin ciniki ba ne a kowane hawa.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Ga wanda bai saba da wasan ba, zari-ruga ana yin sa ne da ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ɗan wasa yake runguma ya ruga da ita, abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin kama shi su kayar. Ci shi ne a kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya a dangwara ta a ƙasa. Babbar ƙa'idarsa ita ce ba a jefa ƙwallo gaba da hannu. In za ka miƙa wa abokin wasanka, sai dai ka jefa masa ta gefe ko ta baya. Duk wanda ya riƙe wannan ƙa'ida guda ya riƙe bakin zaren maganar baki ɗaya, domin tun da hannu ba ya tura ƙwallo gaba, masu kai hari sai su yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan, suna ratsa faɗin fili, har su dace da wata kafa a jerin masu tsaro. Faɗi shi ne gonar da suke nomawa.

Doka ta farko a cikin dokokin wasan ta fayyace awo filla-filla. Tsawon fili daga layin ci zuwa layin ci ya kama daga mita 94 zuwa 100. Farfajiyar da ke bayan kowane layin ci, inda ake dangwara ƙwallo, ta kama daga mita 6 zuwa 22. Faɗi kuwa daga mita 68 zuwa 70. Har ila yau dokar ta ce a bar sarari na mita 5 a kewayen fili a duk inda hakan zai yiwu. Ta kuma ce duk wani sauyi ga wannan awo sai da amincewar hukumar ƙasa in gasar cikin gida ce, ko ta duniya in wasan ƙasa da ƙasa ne. Watau dokar ta bar ƙofa a buɗe, amma ba ta faɗi iyakar inda mai shiga zai tsaya ba.

Filin ƙwallon Amurka kuma tsawonsa yadi 100 ne tsakanin layukan ci, watau mita 91.4, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, jimla mita 109.7. Faɗinsa ƙafa 160, watau mita 48.8. In aka duba da kyau za a ga tsawo ba shi da wata matsala. Mafi gajartar filin zari-ruga da doka ta yarda da shi mita 106 ne in an haɗa da farfajiyoyin ci biyu, saboda haka yana shiga cikin na Amurka har da rara. Turakun gola ma kusan ɗaya ne, domin ratar da ke tsakaninsu a zari-ruga mita 5.6 ce, haka kuma take a wasan ƙwararru da na jami'o'in Amurka, sai dai na Amurka a can ƙarshen fili ake kafa su, na zari-ruga kuwa a kan layin ci. Wannan ana iya gyara shi da turakun da ake kafawa a cire. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne faɗi: daga 68 zuwa 48.8 akwai giɓin mita 19 da ɗoriya.

DAGA INA AKE YANKE GIƁIN?

Filin zari-ruga yana da layuka biyu masu bin kowane gefe, ɗaya a mita 5, ɗaya a mita 15 daga layin gefe. Tsakanin waɗannan layuka ne 'yan wasa suke jeruwa in ƙwallo ta fita, a jefo musu ita su yi tsalle su cafe. Doka ta ce in faɗin fili ya ragu, ba a taɓa waɗannan layuka. Tsakiyar fili ce take ɗaukar asarar duka. A fili mai faɗin mita 70 tsakiyar nan mita 40 ce. A mai faɗin 60 ta koma 30. A filin Amurka tsantsa abin da ya rage bai kai mita 19 ba, watau fiye da rabi ya tafi. Wannan tsakiya kuwa ita ce wurin da 'yan baya bakwai, masu gudu da dabara, suke nuna gwanintarsu bayan 'yan gaba takwas sun ƙwato musu ƙwallo.

Bari mu yi ɗan lissafi, wanda kowane ɗalibi zai iya bi da fensir. Cikakken fili mai mita 100 da 70 yana da murabba'in mita 7,000. In aka raba wa 'yan wasa 30, kowa ya sami kimanin 233. Filin Amurka tsakanin layukan ci yana da kimanin murabba'in mita 4,460, kowa ya sami 149 ke nan. An ɗebe wa kowane ɗan wasa fiye da sulusin rabonsa. Sa'an nan a dubi jerin masu tsaro. A ce mutum 13 ne suka jeru, biyu suka tsaya baya suna jiran ƙwallon da za a bugo da ƙafa. A faɗin mita 70 kowa yana gadin kimanin mita 5.4, a faɗin 60 yana gadin 4.6, a faɗin 48.8 kuwa 3.75 kacal. Dogon mutum in ya ware hannuwansa yakan rufe kusan mita 2. Ke nan a ƙunƙuntaccen fili kafar da ta rage tsakanin masu tsaro biyu ba ta kai mita 2 ba, kuma taku ɗaya ya isa ya toshe ta.

Sakamakon haka a fili yake. In babu hanyar kewaye mutum, sai a bi ta kansa. Ƙungiyar da take da ƙarti masu nauyi ita za ta yi ta cin nasara, yaro siriri mai saurin barewa kuma ya wuni a gefe yana jiran ƙwallon da ba za ta iso shi da sarari ba. Mai horarwa da ya ga haka zai daina koyar da miƙa ƙwallo daga nesa, ya koma koyar da karo. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu yana wasa a irin wannan fili, ranar da aka kai shi cikakken fili zai tarar ana wani wasa da bai taɓa koya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk yadda aka tanƙwara shi haka zai bushe.

Abin lura kuma shi ne hukumar duniya da kanta ta shafe shekaru tana neman hanyar buɗe fili da rage karo. A 2021 ta gwada wata doka, ta kuma tabbatar da ita a 2022, wadda ta ce in ɗan wasa ya buga ƙwallo daga rabin filinsu ta taɓa ƙasa ta fita a cikin mita 22 na abokan hamayya, ƙungiyarsa ce za ta jefo ta. Manufar ita ce a tilasta wa masu tsaro su janye wasu daga jeri su koma baya, domin kafa ta samu a gaba. A 2023 kuma ta shawarci ƙasashe su gwada sauko da wurin da ake kama mutum zuwa ƙasa da ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba, saboda kare kai daga buguwa. Bai kamata hukuma ta buɗe fili da hannun dama ta hanyar doka, sa'an nan ta bari a matse shi da hannun hagu ta hanyar awo ba.

DARASIN GININ HARVARD

Amurkawa sun fi kowa cancantar fahimtar wannan magana, domin tarihin wasansu ne. Ƙwallon Amurka ɗa ne ga zari-ruga. A 1874 ɗaliban Jami'ar McGill ta Kanada suka ziyarci Jami'ar Harvard suka buga da su bisa ƙa'idar zari-ruga, wasan ya burge masu masauki, ya kuma bazu zuwa sauran jami'o'i. A 1880 Walter Camp na Jami'ar Yale ya sa aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 11, a shekarar da ta biyo kuma aka tsayar da faɗin fili a ƙafa 160, wanda ake bi har yau. A lura da jerin abubuwan: sai da suka rage mutane sa'an nan suka rage fili. Masu kafa wasan ba su taɓa nufin mutum 30 su cunkusu a cikin wannan awo ba.

Duk da haka wasan ya zama na turereniya da karo, har ta kai a 1905 'yan wasa kusan 20 suka rasa rayukansu. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa a watan Oktoba na wannan shekara, ya nemi a gyara. Shawara ɗaya da aka kawo ita ce a ƙara wa fili faɗin ƙafa 40, domin 'yan wasa su sami wurin watsuwa. To amma Harvard ta riga ta gina katafaren filinta da kankare a 1903, kuma kankare ba ya matsawa. Saboda haka aka yar da shawarar faɗaɗawa, a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu. Tun daga nan wasan ya rabu da mahaifinsa rabuwa ta har abada. A wannan shekara ce Jami'ar Stanford da ta Kalifoniya suka bar shi suka koma zari-ruga na wasu shekaru, kuma daga wannan yanki ne aka sami yawancin 'yan wasan da suka ciyo wa Amurka lambar zinariya ta zari-ruga a wasannin Olamfik na 1920 da 1924.

Abu biyu ne za a tsinta a nan. Na farko, da aka rasa faɗi sai da aka sauya babbar ƙa'idar wasan kafin ya numfasa. Zari-ruga ba shi da wannan mafita, domin ranar da ya halatta jefa ƙwallo gaba ya daina zama zari-ruga. Na biyu, in aka ƙara ƙafa 40 a kan 160 an sami ƙafa 200, watau mita 61. Awon da masu gyara suka nema domin mutum 22 su tsira da lafiyarsu ke nan. Wanda ya ce mita 60 ta yi yawa ga mutum 30, sai ya faɗa mana abin da ya sani wanda su ba su sani ba.

UZURIN MASU SASSAUTAWA

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin uzurinsu yana da ƙarfi. Suna cewa da babu gara ba daɗi. A Amurka yara kimanin miliyan ɗaya ne suke buga ƙwallon Amurka a makarantun sakandare, kuma kusan kowane gari yana da filinsa, da fitilu, da wurin zaman 'yan kallo, da ɗakin sauya tufafi. Zari-ruga baƙo ne mai aron tabarma. Hukumarsa ta ƙasa sai a 1975 aka kafa ta, a 2020 kuma ta kai kanta kotu ta bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinta. Gasar ƙwararru sai a 2018 ta fara. Ƙungiyar ƙasar ta maza ma ba ta sami shiga gasar duniya ta 2023 ba. Wasan da yake cikin wannan hali, in ji su, ba shi da bakin zaɓen fili. In aka ce sai mita 68 ko a fasa, to makarantu da yawa za su fasa, yaran kuma su koma wani wasa.

Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a ɗora wa kowa mita 68 ba. Amma uzurin yana ɓoye wani abu. Mita 48.8 awon fenti ne kawai, watau inda aka ja farin layi. Ciyawa ba a nan take ƙarewa ba. Yawancin filayen suna da sarari a gefe inda masu horarwa da 'yan wasan jira suke tsayawa, da yawa kuma suna cikin da'irar hanyar tsere ta mita 400. Hanyar tsere da aka yi bisa awon duniya tana barin faɗin mita 73 a cikinta. In aka ja layin zari-ruga a mita 60, an bar mita 6 da rabi a kowane gefe, doka ta cika, ba a rushe komai ba. Sau da yawa abin da yake hana wannan shi ne ƙyashin sayen fenti, ko kuwa mai kula da fili ba ya son a ɓata masa layukansa. Wannan matsalar mulki ce, takarda da sa hannu suna maganinta.

Inda kuwa bango ko kankare ya hana faɗaɗawa da gaske, mafita tana nan cikin lissafin da muka yi. In aka raba murabba'in mita 4,460 ga mutum 20, kowa ya sami 223, kusan daidai da 233 na cikakken fili. Watau filin Amurka tsantsa fili ne na wasan mutum goma-goma, kuma wannan nau'i ne sananne da ake bugawa a ƙasashe da dama. Akwai kuma na bakwai-bakwai, wanda ya shiga wasannin Olamfik a 2016, wanda kuma matan Amurka suka ci lambar tagulla a cikinsa a Faris a 2024. Yaron da ya tashi da goma-goma a ƙaramin fili zai koyi gudu da miƙawa da neman kafa, kuma waɗannan su ne zai buƙata ranar da ya girma. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Wani misali ya zo daga ɗan'uwan wannan wasa, watau zari-ruga na mutum 13 da ake ji da shi a Ostareliya. A watan Maris na 2024 gasarsu ta buɗe kakarta a filin Allegiant da ke Las Vegas, a gaban mutum fiye da 40,000, a kan fili da ya gaza awonsu na mita 68 da kimanin mita 5. Masu son sassauci sukan kafa hujja da wannan. Amma hujjar a kansu take komawa, domin mutum 26 ne suka yi wasa a faɗin kusan mita 63. Wanda zai zuba mutum 30 a faɗin mita 49 ba shi da abin kamawa a nan.

SARARIN BAYAN LAYI

Akwai wata dabara mai haɗari da ake yi domin a ce an cika awo, ita ce a tura layin gefe har ya kusa taɓa shinge, ko bakin kankaren hanyar tsere, ko murfin magudanar ruwa. Wannan ya fi ƙuncin fili muni nesa ba kusa ba. A zari-ruga tura mai ƙwallo waje dabarar tsaro ce ta halal, kuma ɗan gefe yakan zo a guje iyakar ƙarfinsa mutum biyu su ɗauke shi su fita da shi. Ba shi da hular kwano, ba shi da sulke. In mita ɗaya ce tsakaninsa da kankare, to kansa ne zai biya kuɗin awon da aka ƙara. Saboda haka in aka rasa yadda za a haɗa biyun, a ɗauki fili mai mita 60 da sarari mai kyau, a bar mai mita 66 da bango a bakin layi. Doka ta ba alƙalin wasa ikon ƙin fara wasa in ya ga wani sashe na fili yana da haɗari. Amma zalunci ne a bar wannan nauyi a kan mutum ɗaya ranar wasa, bayan baƙi sun yi tafiyar sa'o'i a mota, 'yan kallo kuma sun zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma ce ya kamata ta auna kowane fili tun kafin kaka ta fara, ta rubuta hawan da ya faɗa, ta buga jerin kowa ya gani.

GASAR DUNIYA BA TA DA UZURI

A hawa na sama kuwa babu dalilin sassauci ko kaɗan. Jarabar dai a bayyane take, domin manyan filayen ƙwallon Amurka su ne masu kawo kuɗin ƙofa. A 2014 mutum 61,500 suka cika filin Soldier Field na Shikago domin kallon Amurka da Niyu Zilan, kuma a wannan fili ne Ailan ta doke Niyu Zilan da ci 40 da 29 a 2016, karo na farko cikin shekara 111. Duk mai shirya gasa da ya ga wannan taro zai so ya kawar da kai daga 'yan mitoci. Amma ƙasashe 24 da za su zo gasar duniya sun yi shekaru suna shiri a kan cikakken fili. Ƙasa kamar Fiji, wadda ƙarfinta gudu ne da miƙa ƙwallo, in aka matse mata fili an yi mata hukunci tun kafin a busa usur.

Kuma an riga an nuna cewa kankaren zamani yana matsawa in an matsa wa mai shi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta tsaya a kan mita 105 da 68 domin gasarta ta 2026, sai ga shi an cire kujeru 1,740 daga kusurwoyin filin MetLife na Jihar New Jersey domin a sami faɗin. A 2015 an cire layukan kujeru na gaba a filin Sam Boyd na Las Vegas, inda aka yi gasar bakwai-bakwai daga 2010 zuwa 2019, domin a faɗaɗa wurin wasa. Mita 68 da ƙwallon ƙafa ta nema ita ce daidai mafi ƙarancin faɗin zari-ruga. Ke nan wani ya riga ya share rabin hanya. Abin da ya rage shi ne Hukumar Zari-ruga ta Duniya ta sa wannan awo, tare da sararin bayan layi, ya zama sharaɗi a rubuce ga duk birnin da yake son a ba shi wasa, ta kuma ƙi karɓar kowane roƙo.

Daɗin daɗawa, ƙwallon ƙafa ta taɓa zama baƙuwa mai aron tabarma a Amurka, ta kuma fita daga wannan hali ta hanyar gina nata. Daga filin birnin Columbus da aka buɗe a 1999, ƙungiyoyinta sun yi ta gina filaye matsakaita masu cikakken faɗi, kuma zari-ruga yana amfana da su, kamar yadda Amurka ta karɓi Sikotilan a filin Audi na birnin Washington a 2024. Ƙaramar hukumar Glendale ta Jihar Kolorado ma ta gina wa zari-ruga fili nasa na kansa a 2007. Babbar ribar da gasar 2031 za ta bar wa ƙasar ita ce filaye masu cikakken awo a makarantu da unguwanni. In aka yi gasa aka watse, yara suka koma cikin ƙafa 160, to an yi biki ne kawai.

Ga ma'aikacin gwamnati da zanen gini yake biyowa ta teburinsa, a kowace ƙasa yake, labarin Harvard ya isa ishara. Waɗanda suka zuba kankare a 1903 gini kawai suka ɗauka suna yi, ba su san suna yanke wa wani wasa hukuncin da zai wuce shekara 120 yana aiki ba. Ƙarin mita goma a kan takarda aikin fensir ne, bayan an zuba kankare kuwa sai da guduma da kuɗi masu yawa. Duk wanda aka kawo wa zanen filin makaranta ko na gari ya sa hannu, ya fara tambayar wasanni nawa za a buga a ciki, sa'an nan ya auna da wanda ya fi kowanne buƙatar faɗi.

Hukumar zari-ruga ta Amurka tana da ikon yin wannan doka gobe, domin dokar duniya ta bar mata gasar cikin gida a hannunta. Ta rubuta lambobi uku a takarda ɗaya: 68 ga wasan ƙasa da ƙasa, 60 ga mutum goma sha biyar, ƙasa da haka a koma goma-goma ko bakwai-bakwai. Ta aika wa kowace makaranta da kowane alƙalin wasa, ta kuma tsaya a kai ko da wata babbar ƙungiya ce ta zo roƙo. Allah ya sa a yi abin da ya dace tun da sauran lokaci.